Gwanintar Jiƙa Takin Ruwa a Lambu

Na fara ganin wannan aiki a lambun wani dattijo a wajen Kura, cikin yankin da ruwan madatsar Tiga ke shayarwa da rani. A gindin dalbejiya ya ajiye duro mai cin lita 200, bakinsa a rufe, ga sanda a gicciye a kai. Tun da takin zamani ya yi tashin gwauron zabi a 2022, bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukren, duron nan ne ke riƙe masa tumatir da attaruhu tsakanin shuka da girbi.

Haɗin ba shi da wuya. Ana zuba kashin shanu, ko na tumaki da awaki, ko na kaji a buhu, a ɗaure bakinsa, a rataya shi a jikin sandar ya nutse cikin ruwa. Duk bayan kwana biyu ko uku sai a ɗaga buhun a mayar, a ɗaga a mayar, yadda ruwa zai ratsa shi ya tsotse amfanin. Bayan mako biyu zuwa uku ruwan zai yi baƙi, warin ya lafa. Ya nuna ke nan. Rufe duron wajibi ne, don kada ya zama gidan sauro da ƙuda. Abin da ya rage a buhun kuwa ba a zubar da shi, ana juye shi a kwami a binne.

Amma inda gwani ke bambanta da ɗan koyo shi ne wajen sirki. Ruwan da ya fito daga duro yana da zafi, musamman na kashin kaji, wanda ya fi na shanu ƙarfin sinadarin naitirojin nesa ba kusa ba. Ka zuba shi tsagwaronsa, gobe ka tarar da shuka ta ƙone. Dattijon nan ba shi da ma'auni sai idonsa: yana ɗiba a bokiti, yana ƙara ruwa a hankali har launin ya koma kamar shayin da bai ji ganye ba. Dashen da bai daɗe da kamawa ba, ya ƙara sirka masa. Kabejin da ganyensa na ƙasa ya fara rawaya, ya san yunwa ce, ya ba shi mai ɗan kauri. Tumatirin da ya soma fure kuwa, sai ya rage masa, domin idan naitirojin ya yi yawa ganye zai yi ta yi, 'ya'ya su ƙaranta. Wallahi na tsaya ina kallonsa kamar mai kallon ungozoma a bakin aikinta.

Da yamma yake zubawa, bayan ya yi ban ruwa, a gindin shuka, ba a kan ganye ba. Tunda takin ya riga ya narke, saiwa na ɗaukarsa nan da nan, cikin 'yan kwanaki ka ga ganye ya yi shar. Toka kuma, duk da tana ba da fotashiyam, ba ya zuba ta cikin duron, saboda tana sa naitirojin ya tashi ya bi iska. Daban yake barbaɗa ta.

Abu ɗaya nake roƙon duk mai son gwadawa. Kashin dabba yana ɗauke da ƙwayoyin cuta, jiƙo kuma ba ya kashe su duka. Kada ruwan ya taɓa latas ko duk wani ganyen da ake ci ɗanye, a daina zubawa makonni kafin girbi, kuma a wanke hannu da sabulu bayan an gama.