Ku bar masunci a cikin hoton

Jama'a, wannan sabon yayi na bidiyon bakin ruwa ya fara isata. Kun san wanda nake nufi, domin kuna ganin sa a TikTok da Facebook kamar yadda nake gani. Samari da ƴan mata su yi gayya daga Maraɗi, wasu daga Tibiri da Gidan Runji, wasu har daga Agye da Gazawa, su sauka bakin tafkin Madarunfa da baƙin tabarau da faffadar hula da kwalbar lemo. Mai riƙe da salula ya durƙusa, ya karkata ta yadda ba abin da zai fito sai ruwa da sama. A ƙara wa ruwan shuɗi har ya daina kama da ruwan da muka sani, a ɗora kiɗa, a rubuta a ƙasa wai Zanzibar ɗin Maraɗi. Mawaƙa ma sun bi sahu, masu hoton amare sun bi, masu tallar shadda da turare sun bi.

Yawon shan iska bai dame ni ba, Allah ya ƙara nishaɗi. Abin da ke ci mini rai shi ne wanda ake korewa kafin a danna. A kan idona wani saurayi ya ɗaga wa dattijo hannu yana cewa, "Baba, ɗan ja jirginka can gefe, kana ɓata mana hoto." Dattijon nan tun asuba yake cikin ruwa, wandonsa jiƙe har ƙugu, yana warware taru yana cire ƴan karfasa ɗaya bayan ɗaya yana jefawa cikin kwano. Bai ce uffan ba, ya sa gora ya tura jirgin. A wurin sana'arsa, a ruwan da ya gada, yaron da bai kai ɗansa ba ya mayar da shi abin da ke ɓata hoto.

Ku duba bidiyoyin nan da kyau, ku gaya mini a cikin nawa kuka ga masunci. Ba taru, ba birgi, ba mamari, ba matan da ke suyar kifi a bakin hanya, ba hayaƙin banda. An share kowa. Kamar mai hoton biki ne ya ɗauki rumfa da kujeru, ya yanke amarya. Mene ne tafkin in an cire mutanensa?

Kuma abin haushin, Madarunfa ba ta rasa abin nunawa ba. Tafkin yana kudu da Maraɗi, tafiyar da ba ta kai kilomita 30 ba, kuma yana cikin ƴan tsirarun ruwayen jihar da ba sa ƙafewa da rani. Kewaye da shi akwai kaburburan da mutanen gari ke cewa na waliyyai 99 ne, waɗanda ake zuwa ziyararsu daga Nijar da Najeriya tun kafin a san salula. Tsuntsaye masu ƙaura suna sauka a kansa, kuma a 2019 an sa shi cikin jerin wuraren dausayi masu muhimmanci na duniya a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar. Wurin da ke da waliyyai da tsuntsaye da masunta da tarihi, shi ne za a shafa wa shuɗi a laƙaba masa sunan wani tsibiri? Kayan aro ba ya rufe katara, ƙannena.

Tun da Zanzibar ɗin kuke so, bari mu je can. A ƙarshen arewacin tsibirin Unguja akwai wani gari mai suna Nungwi. Garin masunta ne, kuma nan ne aka fi sani da sassaƙa jiragen ruwa na katako masu tafiya da iska. Daga shekarun 1990 baƙi suka gano farin yashinsa, otal-otal suka jeru a bakin teku, masu nutso da tukunyar iska a baya suka riƙa tashi daga nan zuwa kewayen tsibirin Mnemba don kallon kifaye da murjani. Kuɗi sun shigo, wasu ƴan gari sun samu aiki, wannan gaskiya ne. Amma bakin ruwan da ya fi kyau ya koma gaban otal, unguwannin masunta suka koma bayan katanga, kuma a yawancin hotunan talla jirgin masunci ado ne kawai da ake so ya gifta lokacin faɗuwar rana. Wannan hoton kuke kwaikwaya. Su can aƙalla an sayi wurin kafin a matsar da mutane. Mu nan kyauta muke matsar da namu, don mutum ɗari biyu su danna mana alamar so.

Ga kuma maganar nutso, wadda ta fi ba ni takaici. Yaro ya ɗora hoton Bature da gilashi a fuska da robar ƙafa irin ta kwaɗo, ya rubuta cewa burinsa ke nan a duniya. Madalla da buri. To amma ka taɓa tsayawa ka kalli masuncin garinku in tarunsa ya sarƙe a gindin icce a ƙarƙashin ruwa? Zai ja numfashi ɗaya ya ɓace. Ruwan ja ne, ba a ganin ko tafin hannu, da yatsu yake lalube har ya kwance zaren ba tare da ya yage ba, ga ƙayar tarwaɗa tana jiran hannunsa. Ranar da gulbi ya kawo ya ci yaro, wa ake kira da gudu? Sarkin Ruwa da mutanensa. Su ne ke shiga su fito da shi, da rai ko babu, ba tukunyar iska, ba wanda ya biya su. Waɗannan gwanayen nutso suna nan tsakaninmu, kuma ban ga wanda ya bi ɗayansu da kyamara ya tambaye shi yadda ya koya ba.

Mu da muka tashi tsakanin Gulbin Maraɗi da Gulbin Kaba mun san ruwa baƙo ne mai ɗan kwana. Gulbin Maraɗi yana fitowa daga ƙasar Katsina, ya bi ta Madarunfa da Maraɗi da Tibiri da Gidan Runji, ya sake komawa Najeriya, kuma damina kaɗai yake gudu. Tun da aka gina madatsar Jibiya a farkon shekarun 1990 ma, zuwansa ya canza. Gulbin Kaba kuwa, wanda ya ratsa ƙasar Gazawa da Agye, yau an fi sanin sa da goriba da kabar saƙa tabarma fiye da ruwa. Saboda haka sana'ar su a wurinmu sana'ar lissafi ce: yaushe tabki zai cika, yaushe zai ja baya, yaushe za a bar kifi ya yi ƙwai, yaushe za a yi gayya a shiga da homa. Akwai gaiwa, wadda in ruwa ya ƙafe take shigewa cikin laka ta lulluɓe kanta ta kwanta har wata damina, masu sani su bi busasshen tabki su haƙo ta da ranta. Ku gaya mini wane bakin teku ne ke da labarin da ya fi wannan daɗin ɗauka?

Wani zai ce ai yara ne, wasa suke, kuma suna tallata wurin. Na yarda da rabi. Masu kabu-kabu suna samun ciniki, mai tuyar kifi tana sayarwa, kuma wasu cikin yaran nan hannunsu na da kyau ƙwarai, sun iya haske, sun iya haɗa hoto da kiɗa fiye da yadda ake zato. Wannan gwanintar ce ma ta sa abin ke ƙona mini rai, domin da ba su iya ba da ban kula ba.

Illar ita ce, abin da ba a nunawa ba a yi masa kuka. Tafkin da ke fitowa shuɗi tas a salula, a zahiri yashi da laka suna cike shi shekara bayan shekara. Akwai masu su da gidan sauro, wanda ke kwashe har ƴan kifin da ba su kai yatsa ba, alhali tun 1998 Nijar tana da dokar su da ta hana kamun ɓarna. Ana zuba irin kifi a tabkuna, amma in an kwashe shi tun bai girma ba, aikin banza aka yi. A kasuwanninmu kifin ƙanƙara da ake shigo da shi daga bakin teku yana ture na gida. Ɗan masunci yana ganin duk wannan, yana kuma ganin cewa ko a hoto ba a son ubansa, sai ya ajiye taru ya nufi Agadas ko Legas. Wanda ya kalli bidiyonku zai ɗauka lafiya lau ake, har ya yi sha'awar zuwa shan iska. Ledojin da kuka bari a bakin ruwan ma ba su fito a hoton ba. Kifi dai na ganinku, masu jar koma.

In kuna neman abin koyi, ba sai kun haye teku ba. Ku dubi Argungu a jihar Kabi. Bikin sunta na zamani ya samo asali ne a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyarar da ta tabbatar da sulhu tsakanin Sakkwato da Kabi. Me duniya ke zuwa kallo a kogin Matan Fada? Dubban masunta da gora da homa suna rugawa cikin ruwa mai laka, da wasannin kabanci: tseren jirage, kamun agwagwar ruwa, kamun kifi da hannu, gasar nutso. Ba wanda ya rina ruwan, ba wanda ya ce masunci ya matsa. A 2016 hukumar UNESCO ta sa bikin cikin al'adun gado na ɗan Adam, a 2020 kuma kifin da ya ci gasa ya kai kilo 78. Kabawa sun tsaya a kan abin da suke da shi, duniya ta zo ta same su a can.

Don haka roƙona ga masu kyamara, ƙannena da ƴaƴana: ku ci gaba da zuwa, ku sa tabaranku, ku yi rawarku. Amma in kun isa, ku fara yi wa mutanen wurin sallama. Ku nemi izini kafin ku ɗauki mutum, in ya yarda ku bar shi a tsakiyar hoton da jirginsa da tarunsa. Ku tambaye shi kifin da yake kamawa da yana yaro wanda yanzu ya daina gani. Ku sayi kifin matar nan da kuɗinsa, kada ku tsaya neman ragi. Ku bar ruwan da launin da Allah ya ba shi, ku rubuta sunan wurin daidai: Madarunfa, jihar Maraɗi. Mawaƙin da ya fara yin bidiyo a cikin jirgin masunci, da masuncin a ciki yana aikinsa, ni zan fara yaɗa masa, kuma zan sa duk wanda ke jin maganata ya yaɗa.