Mayu Uku da Baba ta Karo

A ƙasar Makarfi da Kudan da Ikara, in aka ce wance mayya ce, to, an gama da ita: ba mai cin tuwonta, ba mai barin ɗansa ya shiga ɗakinta. Saboda haka mai karatu zai yi mamaki in ya ji wata Ba'amurkiya, Alix Harrow, ta wallafa littafi a 2020, mai suna The Once and Future Witches, inda mayu su ne mutanen kirki.

Labarin ƙage ne, an ɗora shi a kan shekarar 1893, zamanin da matan Amurka ke neman a ba su ikon jefa ƙuri'a, abin da dokar ƙasarsu ba ta tabbatar musu ba sai 1920. Wasu 'yan'uwa mata uku, Agnes da Bella da Juniper, muguntar ubansu ta raba su shekara bakwai, kowace na zargin 'yar'uwarta. Da suka haɗu a birni sai suka tashi neman asirin da kakarsu ta koya musu, wanda mata suka ɓoye cikin waƙoƙin reno da tatsuniyoyi tun da aka hana shi.

Amma a lura. Abin da matan nan ke yi ba shi ne Bahaushe ke kira maita ba. Ya fi kama da sirrin tsofaffi, irin na ungozoma da mai saiwa. Maye a wurinmu shi ne mai kama kurwa, kuma a littafin nan mutum guda ne ke yin irin wannan, shi kuwa namiji ne, mai neman mulkin birnin, wanda ke sace inuwar mutane yana juya su yadda ya ga dama. Nan marubuciyar ta yi azanci ƙwarai, don mai nuna wasu da yatsa shi ne mai abin.

Inda littafin ya yi rauni shi ne, kusan duk wuyar da matan suka shiga sihiri ke fid da su. Alhali mutum 19 da aka rataye a garin Salem a 1692 bisa zargin maita, 14 daga cikinsu mata, ba su da sihirin komai. Haka tsohuwar da ake wa atire a ƙauye ba ta da shi.

Wanda ke son ganin zumuncin mata na gaske sai ya nemi labarin Baba ta Karo, wadda ta taso a yankin Zarewa, ba nisa da ƙasar Makarfi. Ta ba Mary Smith labarinta a Giwa a 1949 zuwa 1950, aka buga shi a 1954. Baba ta ga zamanin mahara, ta yi aure huɗu, ba ta haihu ba. Ta ba da labarin bori ba ɓoye-ɓoye, amma abin da ya riƙe ta shi ne dangi, da ƙawaye masu yi wa juna gudummawa ran biki, da 'ya'yan riƙo. Shafukan Harrow da suka fi daɗi su ne masu kama da na Baba, wato inda Agnes ke naƙuda, 'yan'uwanta na tsaye a kanta.