Jirgi ya zo, jirgi ya tafi, ina mutanen Ƙaura?

A ɗan littafinmu da ya gabata, wani ɗan'uwa daga cikinmu ya rubuto tarihin Ƙauran Namoda, garin da ya yi ci-rani kafin ya dawo karatu. Na karanta sau biyu, na kuma gaya masa baki da baki cewa zan yi magana a kai. Ya ce in yi, to ga ni.

Da farko a ba shi haƙƙinsa. Da yawanmu nan Badagishiri ba mu taɓa ganin jirgin ƙasa da idonmu ba, sai a waya, amma ya sa mun ji kamar muna tsaye a tasha. Shekarunsa ma daidai suke. Dogo ya iso Kano a 1911. Reshen da ya tashi daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau ya kai Ƙaura a 1929, nan ya tsaya bai ƙarasa Sakkwato ba. Ya kuma faɗi abin da ya kawo shi: gyaɗa da auduga da fatu, waɗanda Turawan Ingila ke son kwasa zuwa bakin teku. Har nan ba ni da ja.

Inda muka rabu wuri uku ne.

Na ɗaya, ya fara labarin daga 1929, kamar kafin jirgi daji ne kawai. Alhali sunan garin kansa ya isa ya tsai da shi. Namoda jarumi ne daga Fulanin Alibawa, yana cikin jagororin yaƙi na jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a ƙasar Zamfara. Garin da ke ɗauke da sunansa ya girmi dogo da fiye da shekara 100. Ke nan jirgi baƙo ne, ya tarar da sarauta da kasuwa da malamai. Abin da na so in ji shi ne yadda tsohon gari ya karɓi wannan baƙon. Wa ya samu, wa ya rasa? Gonar wa aka ratsa?

Na biyu, maganar yawan jama'a. Ya kawo adadin ƙidayar Najeriya ta 2006, mutum sama da 280,000, ya aza wa garin. Wannan lissafin na ƙaramar hukumar ne baki ɗaya, har da ƙauyukanta. Kamar ka ɗauki jama'ar gundumar Illela duka ka ce su ne mazauna cikin garin Illela. Kuma ko da adadin ya yi daidai, bai gaya mana su wane ne ba. Garuruwan dogo na arewacin Najeriya sun tara ma'aikata Yarabawa da Ibo daga kudu, da ƴan dako, da dillalai, da fatake masu jakuna da raƙuma. Rikicin 1966 ya sa Ibo da dama suka bar arewa. Irin wannan shiga da fita ita ce tarihin yawan jama'a, lamba guda ba ta iya ɗaukar ta.

Na uku shi ya fi damuna. Zaman jama'a layi huɗu ya samu, su ma na yabo ne: mutanen kirki, masu son baƙi. Wallahi wannan za ka iya faɗar sa a kan Malbaza ko Galmi ko Tsarnawa ba ka canza kalma ba. Shekara biyu ya yi a garin! Ina mai tuwon bakin tasha? Ina tsohon ɗan dako da ya ɗauki buhun gyaɗa a ka? Lokacin da farin 1973 da cutar gyaɗa ta 1975 suka karya cinikin, sannan manyan motoci suka ƙwace kayan da jirgi ke ɗauka, ina waɗannan mutane suka nufa? Da aka buɗe kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya a garin a 1983, ai wasu sabbin baƙi ne suka zo, ɗalibai masu neman ɗakin haya da abinci. Ko kalma bai ce a kai ba. Da jirgi ya daina zuwa sai alƙalaminsa ya tsaya, kamar garin ya mutu tare da shi.

Wanda ya yi lise a cikinmu zai tuna da littafin Usman Sambene na 1960, Les bouts de bois de Dieu, a kan yajin aikin ma'aikatan dogon Dakar zuwa Bamako, daga Oktoba 1947 zuwa Maris 1948. Sunan littafin daga al'adar ƙidaya ya fito: ba a son a ƙirga mutane kai tsaye don gudun abin da zai same su, sai a kira su guntayen itace. Mu ma mun san tsohuwar da ba za ta gaya maka yawan jikokinta ba. Sambene ya rubuta garin dogo a lokacin da jirgi ba ya tafiya sam, kuma a nan ne garin ya fi fitowa fili: matan da ke neman ruwa da abin sa wa a tukunya, makauniya Maimuna da ƴaƴanta, Penda da aka raina amma ta ja mata zuwa Dakar. Shi mai ƙagaggen labari ne, yana da damar ƙirƙira wadda mai tarihi ba shi da ita. Abin da za mu ara a wurinsa shi ne inda ya aza ido.

Me ya sa na tsananta haka? Don mun yi shawarar rubuta tarihin Badagishiri a fitowa ta gaba, kuma tarkon nan yana jiran mu. Ba mu da dogo, amma muna da kwaltar da ta taso daga Tsarnawa ta nufi Tawa. Abu ne mai sauƙi mu rubuta cewa hanya ta zo, kasuwa ta cika, mu kawo lamba daga meri, mu rufe. Mu tuna da dogon Yamai zuwa Doso da aka ƙaddamar a 2016: an shimfiɗa ƙarfe, jirgin fasinja bai kama aiki ba, garuruwan da ya ratsa kuwa suna ta rayuwarsu. Ga kuma na Kano zuwa Maraɗi ta Katsina da Jibiya, da aka aza harsashinsa a 2021. In ya kammala, wasu ƙauyukan Hausa za su wayi gari sun zama garuruwan tasha, kuma wani zai zo ya fara tarihinsu daga ranar da jirgi ya iso, in ba a rubuta na yanzu ba.

Roƙona ga ɗan'uwa shi ne ya sake zama a kan rubutun nan, don yana da abin da mu ba mu da shi: ya kwana a garin, ya ci tuwonsa. Ya ba mu mutum uku kacal da ya sani can, ko da bai faɗi sunansu ba. Mu kuma sauran, hutun nan kowa ya ɗauki waya ko littafi ya zauna gaban tsoho ɗaya da tsohuwa ɗaya na unguwarsu, ya tambaye su yadda garin yake kafin kwalta. A zo da abin da aka samu zamanmu na gaba.