Titin Zakirai na masu ƙafa ne kafin masu mota

Tun da gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta ɓullo da aikin titin kilomita biyar a hedikwatocin ƙananan hukumomin Kano, a zangonta na 2011 zuwa 2015, wani tunani ya zauna wa mutanenmu: gari bai ci gaba ba sai an ratsa shi da titi mai hannu biyu, da shinge a tsakiya, da fitilu. Aikin ya tsaya cik a wurare da dama, gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta sake ɗaukarsa bayan 2023. Ni ba na ƙin kwalta, duk wanda ya taɓa tura babur a taɓon damina ba zai ƙi ta ba. Abin da nake ja da shi shi ne a ɗauko zanen birni a dasa wa gari irin Zakirai, hedikwatar Gabasawa, ba a duba su wa ke bin hanyar ba.

A tsaya bakin titi ranar kasuwa a gani. Ga amalanken shanu ɗauke da buhunan gero, ga mai jan akuya biyu da igiya, ga 'yar talla da farantin gyaɗa a ka, ga 'yan firamare sun taso. Motocin da ke wucewa tsakanin Kano da Jigawa baƙi ne, mintuna kaɗan sun bar gari. Amma zanen da ake yayi su yake yi wa hidima. Titi in ya yi faɗi ya miƙe, direba taka wuta yake yi, kuma wanda mota ta buge tana gudun kilomita 30 a awa yakan tashi, wanda ta buge a 60 da wuya. Shingen tsakiya kuwa raba gari yake biyu: tsoho ya riƙa ɗaga riga yana tsallake siminti don zuwa masallacin da ke daura da gidansa.

Birnin Kano ya ishe mu darasi. An yi gadar sama a Ƙofar Nassarawa, an haƙa ta ƙasa a Kabuga, an yi na Dangi da Hotoro. Duk da haka a je Kantin Kwari ko Sabon Gari: gefen titi masu teburi sun cinye, 'yan Adaidaita Sahu na lodi a kan kwalta, mai ƙafa na kutsawa tsakanin motoci. 'Yan KAROTA masu kula da tituna su kora da safe, da yamma a dawo, domin ba a ware wa kowa wurinsa ba tun farko.

Abin da Zakirai ke buƙata bai kai kuɗin gada ba. A rufe kwalbatoci da murfi su zama hanyar masu ƙafa. A sa tudun rage gudu a gaban makarantu da kasuwa da asibiti. A ware fili a bayan kasuwa don manyan motoci da 'yan acaɓa, a bar wa amalanke gefensa, a dasa darbejiya saboda inuwa.

Kafin a auna titi, injiniyoyi su zauna da sarkin kasuwa da shugabannin direbobi da malaman makaranta. In an riga an zuba siminti, gyara sai da rusau, kuɗin rusau kuma daga aljihun talakan Gabasawa zai fito.