Masu Karatun Gabas

A ƙarshen Afrilu, idan rana ta take tsaka a kasuwar Talata Mafara, kowa inuwa yake nema. Zafi kan haura digiri 40, ƙasa tana ƙuna har ta cikin takalmi. Amma dattijon manomin da ya shigo daga ƙauyukan Bakura ko Maradun yana jin zafin yana kuma auna shi, domin a wurinsa zafi iri biyu ne. Akwai busasshe na watan Maris, wanda gumi ke ƙafewa a jiki tun ba ka share shi ba, leɓe yana tsagewa. Akwai kuma zufa mai nauyi, riga ta manne a baya, dare ya raba ba a yi barci ba ko da a tsakar gida. Wannan ta biyun yake jira, don ita ce ke shaida masa iska ta juya.

Tun daga Nuwamba iskar da ke kaɗawa a Zamfara daga arewa maso gabas take zuwa, daga Sahara, ba ɗigon laima a cikinta. Da bazara ta kankama sai wata ta fara turo ta daga kudu maso yamma, ɗauke da danshin tekun Atlantika. Masana yanayi suna zana layin da iskokin biyu ke haɗuwa a kan taswira, suna bin tafiyarsa zuwa arewa har watan Agusta. Uwargida kuwa a randa take gane isowarsa. Randa tana sanyaya ruwa ne saboda iska na shanye wanda ke tsattsafowa ta jikinta. Da iskar ta ƙoshi da danshi sai ruwan ya rage sanyi, wanki ma ya daɗe a igiya. Ana cikin haka shamuwa ta sauka kan bishiyar gari tana tara kirare. Tsuntsuwar nan a kudancin Afirka take cin rani, kuma ruwa take biyowa zuwa arewa, shi ya sa ba a jifanta. Gawo, mai saɓa wa 'yan'uwansa, shi kuma sai ya fara zubar da ganye a lokacin da sauran itatuwa ke toho.

Malaman zaure suna da nasu lissafin, na taurari 28, kowanne kwana 13, in ban da Jabha mai 14, su cika 365. Idan aka shiga na damina, su Zira'a da Nasara da Ɗarfa, manomi ya san inda yake a cikin shekara ko da sama ta yi shiru. Lissafin yana faɗa masa ko ruwan da ya sauka ya yi sammako ko ya makara, kuma sanin wannan kaɗai ya isa ya hana mutum gaggawa.

Abin da ya fi burge ni shi ne karatun hadarin kansa. Danshi daga kudu maso yamma yake zuwa, amma duk mai hankali gabas yake duba. Dalili kuwa, can sama da iskar da ke taɓa fuskarmu akwai wata mai ƙarfi da ke gudu daga gabas zuwa yamma, ita ce ke kora gizagizan da suka tashi da zafin la'asar, su jeru su zama doguwar katanga. Manomi bai ga iskar nan ba, amma ya san aikinta sarai. Girgijen da ya haɗu a yamma ba ya ɗaga masa hankali, ya riga ya wuce, rabon mutanen Sakkwato ne. Wanda ya taso daga gabas, gindinsa baƙi ƙirin, kansa fari ya baje, shi ake kallo. Sai iska ta ɗauke cik, ganye ko motsi. Sai wani ja-ja ya bayyana a ƙarƙashin baƙin, wato ƙurar da iska mai sanyi ke tayarwa sa'ad da ta faɗo daga cikin girgijen ta bugi ƙasa. Gwani yana duban kaurin jan nan. In ya rinjayi baƙin, ya san iska ce za ta fi ruwa yawa, irin hadarin farkon damina mai yaye kwano da karya rassan darbejiya ya bar mutane da yayyafi. A nan ne ake kiran yara, a kwashe shanya, a ɗora duwatsu a kan rufi, a janye dabbobi daga gindin doguwar bishiya saboda aradu. Masuntan dam ɗin Bakolori, wanda aka kammala a 1978, su ne suka fi kowa kaifin ido a nan, don wanda iskar ta riska a tsakiyar ruwa cikin kwalekwale ba shi da maɓoya.

Wayar salula ta ƙara wa ilimin nan ƙafa. Maradun tana gabas da Mafara, Bakura tana arewa maso yamma, saboda haka hadarin da ya daki Maradun sau da yawa yana kan hanyar sauran biyun. Kira ɗaya daga ɗan'uwa, “Yaya, ga shi nan fa, kuma da iska yake,” ya ba mai buhunan shinkafa a fili damar rufe kayansa. Hukumar kula da yanayi ta NiMet ma tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, ana karanta shi a rediyo, kuma ina ganin wauta ce a raina shi, domin tana hango abin da ido ba ya kaiwa. Sai dai hadarin nan namu yana iya jiƙa gona ya tsallake ta maƙwabci, kuma wannan sai wanda ke tsaye a wurin.

Duk wannan karatu a kan tambaya ɗaya yake ƙarewa: a shuka ko a dakata? Wanda ya biye wa ruwan farko, gero ya tsiro sannan sama ta ɗauke mako biyu ko uku, ya yi asarar iri, kuma iri ba arha ba ne ga mutumin da rumbunsa ya kusa ganin ƙasa. Wanda ya yi nawa kuma, dawarsa ba za ta nuna ba kafin ruwa ya janye a ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba. Wasu kan yi binne, su zuba gero a busasshiyar ƙasa su bar wa Allah. Dattawan da suka ga farin 1973 da na 1984 ba sa wasa da shawarar nan. Ga kuma rashin tsaro da ya sa gonakin nesa suka gagari mutane da yawa a ƙananan hukumomin nan uku, 'yar wadda ta rage kusa da gari ba ta ɗaukar kuskure.

Shi ya sa da asuba, bayan daren da aka sha ruwa, kwaɗi suna ta kuka, za ka ga tsoho ya fita gona ba iri a hannunsa, sai fartanya. Ya tona, ya zura hannu, yana neman inda laimar ta tsaya. In ya tarar da busasshiyar ƙasa tun yatsunsa ba su nutse ba, sai ya mayar da ƙasar ya koma gida, komai yawan maƙwabtan da suka fito. In laima ta bi shi har wuyan hannu, ya dunƙula ƙasar ta riƙe ba ta warwatse ba, sai ya miƙe ya ƙwala wa babban ɗansa kira ya ɗauko sungumi da ƙwaryar iri.