Haske Kan Furanni: Tarken Wani Zanen Monet

Wannan ɗan sharhi zai dubi zanen da Claude Monet (1840-1926), mutumin Faransa, ya yi wa lambun gidansa na ƙauyen Giverny a shekarar 1900, wanda ke ajiye a gidan tarihin Orsay da ke birnin Paris.

Idon da ya saba da zayyanar bangon Zazzau, ko aikin aska takwas a ƙirjin babbar riga, zai yi saurin kiran wannan zane jagwalgwalo. Can kowane layi ya san inda ya faro da inda zai tsaya. Nan kuwa babu layi ko ɗaya. Ɗigo-ɗigon fenti ne, shunayya da ruwan hoda da kore, an jera su kunya-kunya a karkace ƙarƙashin itatuwa. In ka matso ba ka ganin fure. Sai ka ja da baya taku uku furannin airis su tashi tsaye, gidan mai zanen ya leƙo ta tsakanin rassa.

To, me Monet ya zana? A ganina haske ya zana, furannin madogara ce kawai. Inda rana ta keto ganye launin ya yi fari-fari, inda inuwa ta sauka ya koma shuɗi mai duhu, ba baƙi ba. Wanda ya taɓa lura da lambunan fadama a nan Keffi da hantsi ya san koren ganye ba ya zama iri ɗaya har azahar. Wannan salo ne wani mai sharhi, Louis Leroy, ya yi wa ba'a a 1874, sunan ba'ar kuma ya bi masu salon har yau.

Sai dai akwai abin da zanen ya ɓoye. Monet ya sauka Giverny a 1883, ya sayi gidan a 1890, ya ɗauki ma'aikata suna shuka launukan da yake so ya gani. Ashe an tsara lambun tun kafin a ɗauki burushi, kuma babu ko inuwar mai ban ruwa a cikin zanen. Wannan naƙasu ne a wurina.

Ɗalibanmu masu rubuta waƙar damina sukan lissafo tsirrai ɗaya bayan ɗaya kamar masu ƙirgar kayan lefe. Da wuya ka sami baitin da ya faɗi ko da wane lokaci na yini mawaƙin ya tsaya a gonar.