Jinjina Ga 'Yan Matan Herat

Haƙiƙa ya wajaba ga duk mai ƙaunar ilmi ya jinjina wa 'yan matan nan shida na birnin Herat, ƙasar Afganistan, waɗanda, bayan an hana su izinin shiga Amurka har sau biyu, suka daure, har Allah Ya ƙaddara suka isa wata gasar ƙera mutum-mutumi a Washinton a 2017 da mutum-mutumin da suka ƙera, aka ba su lambar azurfa saboda jarunta. Sun naƙalci hisabi da haɗa wayoyi da rubuta wa na'ura umarni, amma a ganina haƙuri da shawara da juna su ne mafificin rabonsu. Da annoba ta sauka a 2020, ƙungiyar tasu ta harhaɗa na'urar taimakon numfashi daga kayan tsohuwar mota.